Tambayoyi da amsoshi kan sake fasalin UdpFramed a Tokio

Duk mai rubuta manhajar sadarwa da harshen Rust da wuya bai yi mu'amala da Tokio ba, laburaren da Carl Lerche ya sanar da shi a 2016, wanda ya kai siga ta 1.0 a watan Disamba na 2020. A tattare da shi akwai wani ɗan sashe mai suna `UdpFramed`. Aikinsa shi ne ya karɓi bayit daga soket ɗin UDP (soket shi ne ƙofar da manhaja ke aikawa da karɓar bayanai ta cikinta, UDP kuma ɗaya ce daga ƙa'idojin aika bayanai a intanet) ya miƙa wa manhaja saƙonni masu ma'ana, in kuma aikawa za a yi, ya mayar da saƙo bayit. Sashen ƙarami ne amma ya sha gyara. A ganina gyaran ya dace, sai dai a karon farko an manta da abu ɗaya: iyakar datagiram, wato ɗaurin bayit ɗaya da UDP ke aikawa, ita ma bayani ce, kuma wanda ya zubar da ita zai ga ba daidai ba.

Mene ne bambancin UDP da TCP da har ya jawo wannan magana?

TCP kwararar bayit take ba ka, mara gaɓa. In ka aika "salam" sannan ka aika "sannu", mai karɓa yana iya samun "salamsannu" a karatu ɗaya, ko ya sami "sal" yanzu, sauran su biyo baya. Za ta tabbatar komai ya isa a jere, amma ba ruwanta da inda saƙonka ya fara da inda ya ƙare. UDP kuwa, wadda Jon Postel ya bayyana a RFC 768 a watan Agusta na 1980, ɗauri-ɗauri take aiki. Kira ɗaya na `sendto` datagiram ɗaya ne, kira ɗaya na `recvfrom` shi ma ɗaya yake ɗaukowa. Datagiram ko ya iso cikakke ko ya ɓace a hanya, yana iya zuwa sau biyu, yana kuma iya riga wanda aka aiko kafinsa isowa. TCP ruwan famfo ce, kai za ka zo da ma'auninka. UDP ruwan leda ce, kowace an riga an ɗaure ta.

Kan datagiram bayit 8 ne kawai: tashar mai aikawa, tashar mai karɓa, tsawo, da lambar tantancewa, kowanne bayit 2. Babu lambar jeri, babu alamar an karɓa.

To tunda UDP ta riga ta ɗaure saƙo, me ake nema da kodek?

Abin da ke cikin ɗaurin har yanzu bayit ne tsagwaronsu. Wani dole ya mayar da su tambayar DNS (tsarin da ke mayar da sunan shafi adireshi), ko ma'aunin StatsD (manhajar tattara alƙaluman aiki), ko motsin ɗan wasa a wasan intanet. Wannan shi ne aikin kodek: `decode` daga bayit zuwa saƙo, `encode` daga saƙo zuwa bayit. In aka ware shi gefe guda, ana iya gwada shi ba tare da an buɗe soket ba, sauran manhajar kuma ba za ta taɓa ganin bayit ba.

Yaya tsohon tsarin yake?

A zamanin `tokio-core`, UDP tana da nata kodek daban mai suna `UdpCodec`. Ga ainihin siffarsa:

```rust
fn decode(&mut self, src: &SocketAddr, buf: &[u8]) -> io::Result<Self::In>;
fn encode(&mut self, msg: Self::Out, buf: &mut Vec<u8>) -> SocketAddr;
```

Ka lura da abubuwa uku a nan. `decode` tana karɓar adireshin mai aikawa tare da datagiram ɗin gaba ɗaya, kuma dole ta dawo da saƙo ɗaya ko kuskure. Babu hanyar cewa "ban gama ba, ƙaro mini". `encode` ita ce ke faɗin inda saƙo zai tafi. Sannan `encode` ba ta da hanyar dawo da kuskure kwata-kwata, don haka in aka ba ta saƙon da ba zai rubutu ba, sai dai ta rubuta wani abu ko ta kayar da manhajar.

Gaskiya wannan tsari ya fahimci UDP sosai. Aibinsa shi ne ya raba gida biyu. Masu TCP suna da `Encoder` da `Decoder` masu aiki da `BytesMut`, wato mazubin da ake tara bayit a ciki, masu UDP suna da nasu mai aiki da `Vec<u8>`. Wanda ƙa'idarsa ke tafiya a kan hanyoyin biyu sai ya rubuta kodek sau biyu, ko ya ɗora ɗaya a kan ɗaya da faci.

Me aka canza?

Da aka fitar da sabon kundin `tokio` siga 0.1 a farkon 2018, an yi watsi da `UdpCodec`. `UdpFramed` ya koma amfani da `Encoder` da `Decoder` ɗin da TCP ke amfani da su, adireshi kuma aka fitar da shi daga cikin kodek aka haɗa shi da saƙo a waje. Abin da ke fitowa yanzu tagwaye ne, `(saƙo, SocketAddr)`, haka ma abin da kake bayarwa in za ka aika. Maimakon `socket.framed(kodek)` sai ka rubuta `UdpFramed::new(socket, kodek)`.

Daga baya, lokacin siga 0.2 a ƙarshen 2019, duk harkar kodek ta koma kundin `tokio-util`, inda take har yau. A `tokio-util` 0.3 a 2020 an sake taɓa `Encoder`, ya zama `Encoder<Item>`, wato kodek ɗaya yana iya rubuta saƙonni iri-iri, kuma ana iya miƙa masa aron saƙo ba sai an ba shi gaba ɗaya ba. Mai son `UdpFramed` yau zai kunna `codec` da `net` a fayil ɗin `Cargo.toml`.

Fitar da adireshi daga kodek ba hasara ba ce?

Akwai ɗan hasara, ba zan ɓoye ba. A da kodek yana iya duba wanda ya aiko kafin ya wahalar da kansa da fassara, ya yi watsi da baƙo tun daga ƙofa. Yanzu sai an fassara sannan manhaja ta ga adireshin. Amma ribar ta fi. Siffar saƙo a kan waya abu ne guda, wanda ake magana da shi abu ne daban, kuma cakuɗa su yana sa kowane nau'in saƙo ya riƙa ɗauke da adireshi a jikinsa don kawai `encode` ta san inda za ta tura shi. Da aka raba su, kodek ya zama aikin bayit zalla. Wanda yake buƙatar tace masu aikawa kafin fassara yana da hanya mai sauƙi: ya yi amfani da `BytesCodec` ya karɓi ɗanyen datagiram da adireshinsa, ya tace, sannan ya kira nasa kodek da hannu.

To ina matsalar ta ɓullo?

Nan ne zuciyar maganar. `Decoder` don kwarara aka ƙera shi. Idan `decode` ta dawo da `Ok(None)`, ma'anarsa a TCP ita ce "abin da ke mazubi bai kai saƙo ba, a karanto ƙari a haɗa". Idan kuma ta dawo da saƙo, mai kira ya san mai yiwuwa akwai saura a mazubi, sai ya sake kiranta kafin ya koma soket. Waɗannan alkawura biyu su ne ginshiƙin `Decoder`, kuma sigar farko ta sabon `UdpFramed` ba ta cika ko ɗaya ba.

Abin da take yi shi ne: ta karanto datagiram, ta kira `decode` sau ɗaya, ta share mazubi, ta miƙa duk abin da ta samu. Daga nan ɓarna biyu suka fito.

Ta farko, in datagiram ɗaya yana ɗauke da saƙo uku, na farko kawai ake gani. Sauran biyun sun tafi, babu kuskure, babu gargaɗi. Kuma cusa saƙonni da yawa a datagiram ɗaya abu ne da aka saba: StatsD tana yarda a jera ma'aunai ana raba su da sabon layi, DTLS, mai ɓoye sirrin saƙo a kan UDP, tana iya haɗa rikodi da yawa, QUIC ma, ƙa'idar sadarwa da aka gina a kan UDP, tana haɗa fakiti fiye da ɗaya, musamman lokacin gaisuwar farko.

Ta biyu ta fi muni. `None` ɗin da kodek ya dawo da shi don ya ce "a ƙaro", ana wucewa da shi kai tsaye zuwa `Stream`, wato hanyar da manhaja ke karɓar saƙonni ɗaya bayan ɗaya, kuma a wurin `Stream` ma'anar `None` ita ce "na ƙare har abada". Ka ɗauki sabar mai amfani da `LinesCodec`, kodek mai raba saƙo layi-layi. Wani ya aiko da datagiram ba tare da alamar sabon layi a ƙarshe ba, `decode` ta ce `None`, `for_each` ɗin da ke riƙe da sabar ya ɗauka an tashi, ya dawo lafiya lau kamar ya gama aiki. Da `BytesCodec` ma haka, domin yana dawo da `None` in mazubi ba komai, kuma datagiram mai tsawon bayit 0 halastacce ne a UDP. Wato duk wanda ya san tasharka yana iya tsayar da sabar ɗinka da fakiti ɗaya fanko.

Abin da ya fi damuna da irin wannan kuskure shi ne kwamfaila, mai duba lamba ta harhaɗa ta, ba za ta taɓa kama shi ba. Nau'o'in sun dace da juna sarai. Ma'anar da ke bayansu ce ta saɓa, kuma wannan ma'ana a rubutun bayani take zaune, ba a cikin nau'i ba.

Yaya yake aiki yanzu?

Yanzu `UdpFramed` yana ɗaukar kowane datagiram tamkar ƙaramar kwarara ce da ta riga ta zo ƙarshe. Shi ya sa `decode_eof` yake kira maimakon `decode`, kuma yana maimaita kiran har sai an ce babu saura. Mu bi shi da misali. Wata na'ura ta aiko da wannan a datagiram ɗaya zuwa tasha 8125, inda StatsD ta saba saurare:

```
shiga:1|c
jinkiri:320|ms
masu_jira:14|g
```

Layi na ƙarshe ba shi da alamar sabon layi. `UdpFramed` ya karanto duka ya ajiye adireshin mai aikawa. Kira na farko ya ciro `shiga:1|c`, aka miƙa shi da adireshin. Da manhaja ta nemi na gaba, bai koma soket ba, ya sake duba mazubi ya ciro `jinkiri:320|ms` da adireshi guda ɗin nan. A kira na uku babu alamar sabon layi, amma `LinesCodec` yana da tasa `decode_eof` wadda ta san in babu ƙari mai zuwa, ragowar layi ce cikakkiya, sai ta miƙa `masu_jira:14|g`. Kira na huɗu ya dawo da `None`. Sai a lokacin ake share mazubi a koma jiran datagiram na gaba, kuma wannan `None` ba ya fita waje.

Share mazubin nan shi ne abin da ya fi muhimmanci a cikin lambar. In da ana barin ragowa ta jira ƙari kamar yadda ake yi a TCP, rabin saƙon wani mutum zai haɗu da farkon saƙon wani daban, a kuma liƙa masa adireshin na biyun.

Wani sakamako da ya kamata ka sani: datagiram fanko yanzu ba ya tsayar da komai, amma da `BytesCodec` ba za ka gan shi ba ma, ana wuce shi shiru. In ƙa'idarka tana amfani da fakiti fanko a matsayin alamar "ina nan", wannan kodek bai dace da kai ba.

Kodek ɗina yana dawo da "bytes remaining on stream". Me ya faru?

Ba ka rubuta taka `decode_eof` ba, don haka ana amfani da ta asali. Ita kuwa tana kiran `decode`, in ta sami `None` alhali akwai saura a mazubi, sai ta dawo da wannan kuskure. A UDP hakan na nufin datagiram ya zo da guntun saƙo ko da shara a bayansa.

Kai za ka yanke hukunci: a zubar da ragowar shiru, ko a kai ƙara. Ko wanne ka zaɓa, ka tabbata kodek ɗinka ya kwashe bayit ɗin da suka lalace daga mazubi kafin ya dawo da kuskure, da `buf.clear()` misali. In ya bar su, kira na gaba zai iya tarar da su a wurin ya sake dawo da kuskuren, a yi ta zagaye. Sannan a gefen manhaja, kada ka sa `?`, alamar da ke fita daga aiki da zarar an sami kuskure, a kan kowane abu da ya fito daga `next()`. A TCP kuskuren fassara yakan nuna haɗin ya gurɓace, rufe shi ne daidai. A UDP fakiti ɗaya ne ya lalace daga mutum ɗaya, sauran jama'a ba su yi laifin komai ba. Ka rubuta shi a kundin aukuwa, ka ƙirga shi, ka ci gaba.

Ke nan zan iya ɗaukar duk wani kodek na TCP in ɗora a kan UDP?

Kwamfaila za ta yarda. Ko zai yi aiki daidai, wannan ya danganta da abu biyu.

Na ɗaya, ƙa'idoji da yawa siffarsu a UDP ta bambanta da ta TCP. DNS ce misali mafi kusa: tun RFC 1035 na 1987, saƙon DNS a kan TCP yana zuwa da bayit 2 na tsawo a gabansa, a kan UDP kuwa babu su, domin datagiram ya riga ya faɗi tsawon. Tsari mai kyau a nan shi ne kodek na ciki mai fassara saƙon kansa, da na waje mai kula da tsawo wanda TCP kaɗai ke buƙata.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. A TCP kowane haɗi yana da kodek nasa. A UDP kodek ɗaya ne ke yi wa duk duniya hidima. Duk kodek mai tuna wani abu tsakanin kira da kira haɗari ne. `LengthDelimitedCodec` yana karanta kan saƙo, bayit 4 in ba a canza ba, ya riƙe a ransa cewa yana jiran jiki mai tsawo kaza. In datagiram ya zo da kai kaɗai babu jiki, an share mazubi, amma ba a share abin da kodek ya riƙe ba, sai ya ɗauki farkon datagiram na gaba a matsayin jikin da yake jira. Ƙa'idar da nake bi: kodek na UDP ya fara kowane datagiram da wankakken allo, duk abin da ya shafi wani mai aikawa kuma a ajiye shi a sama, a teburi mai maɓallin adireshi ko lambar zama.

Gefen aikawa fa?

Ya fi sauƙi. Saƙo ɗaya da ka bayar datagiram ɗaya ne: `encode` ta rubuta a mazubin fita, a tura shi, a share, kuma ba a karɓar wani saƙon sai na baya ya fita. In kana son saƙo uku a datagiram ɗaya, sai ka ƙirƙiri nau'in da ke ɗauke da ukun kodek ya rubuta su tare. Shawara ɗaya: `encode` ta gama duk bincikenta kafin ta rubuta bayit na farko, don kada ta faɗi a tsakiya ta bar guntu a mazubi.

Girman datagiram nawa ya dace?

Iyakar ƙarshe a IPv4 bayit 65,507 ce, wato 65,535 a cire 20 na kan IP da 8 na kan UDP. Amma kusantar wannan iyaka neman wahala ne. Ethernet ta saba ɗaukar bayit 1500 a fakiti, wanda ya bar maka 1472 a IPv4, 1452 a IPv6. Abin da ya wuce haka sai an tsattsaga shi, kuma in tsagi ɗaya ya ɓace, duka datagiram ɗin ya tafi. Akwai kuma na'urorin tsaro da yawa da ke zubar da tsage-tsage gaba ɗaya. Wannan ya sa QUIC, a RFC 9000 na 2021, ta gina kanta a kan 1200, masu DNS kuma a 2020 suka ba da shawarar 1232, lissafin da ya fito daga 1280 ɗin da IPv6 ta tilasta wa kowace hanya ta iya ɗauka. In ba ka da hanyar auna hanyar da fakitinka ke bi, ka tsaya kusa da 1200.

A gefen karɓa, in mazubi ya fi datagiram ƙanƙanta, Linux yanke ragowar take yi ta zubar, Windows kuma ta dawo da `WSAEMSGSIZE`. `UdpFramed` ya kauce wa wannan ta hanyar tanadar bayit 65,536 kafin kowane karatu.

Manhajata tana cin ƙwaƙwalwa fiye da kima alhali saƙonnina ƙanana ne. Laifin wa?

Mai yiwuwa wannan tanadin ne. `BytesMut` ba ya kwafe bayit in aka yanki wani sashe daga jikinsa. Yankin da uwar suna tarayya a fili ɗaya na ƙwaƙwalwa, kuma ba a sakin filin sai kowa ya sake shi. Don haka in ka karɓi saƙo mai bayit 40 da `BytesCodec` ka ajiye shi a layin jira, duka filin mai bayit 65,536 yake riƙe da shi, karatu na gaba kuma sai an nemo sabon fili. Saƙo 1,000 a layi sun kai kusan megabayit 64. Maganin shi ne ka kwafe ƙaramin saƙo zuwa nasa wurin da `Bytes::copy_from_slice`, ko ka fassara shi nan take zuwa nau'inka ka saki mazubin.

Ina son aiki ɗaya ya riƙa karɓa, wani ya riƙa aikawa. Yaya zan yi?

Hanya biyu ce. Kana iya kiran `split()` ka raba `UdpFramed` gida biyu, sai dai ɓangarorin suna tarayya a makulli ɗaya. Ko kuma, tunda a Tokio 1.0 `send_to` da `recv_from` ba sa buƙatar mallakar soket su kaɗai, kuma `UdpFramed` yana karɓar duk abin da za a iya aron `UdpSocket` daga gare shi, ka sa soket ɗin a `Arc`, mai ba da damar tarayya a abu ɗaya, ka gina guda biyu a kansa, ɗaya na karatu ɗaya na aikawa. Ni na fi son ta biyun. Abin da ba za ka yi ba shi ne gina masu karatu biyu a kan soket ɗaya: wanda ya yi kira na ƙarshe kaɗai ake tasarwa in fakiti ya iso, ɗayan yana iya yin barcin da ba mai tashinsa.

Adireshin da ke zuwa da saƙo, zan iya dogaro da shi in gane mutum?

A'a, ta fuska biyu. Ana iya ƙirƙirarsa na ƙarya, tunda babu gaisuwar da ke tabbatar da shi. Da haka aka kai wa GitHub hari a watan Fabrairu na 2018, inda aka yi amfani da sabobin memcached, manhajar ajiyar bayanai na wucin gadi, da ke buɗe a tashar UDP 11211, suna amsa ƙananan tambayoyi masu adireshin ƙarya da manyan amsoshi, har zirga-zirgar ta kai terabit 1.35 a daƙiƙa. Saboda irin wannan ne QUIC ta hana sabar aika fiye da ninki 3 na abin da ta karɓa kafin ta tabbatar da adireshi. Duk sabar UDP da za ka buɗe wa intanet tana buƙatar wata ƙa'ida makamanciyar wannan.

Ta ɗaya fuskar kuma, mutumin kirki ma adireshinsa yana canzawa. Waya ta bar Wi-Fi ta koma datar layi, ko na'urar NAT, mai fitar da na'urori da yawa ta adireshi ɗaya, ta manta da shi bayan ya yi shiru na ɗan lokaci ta ba shi sabuwar tasha. In zaman yana da muhimmanci, ka sa lambar zama a cikin saƙon kansa, kamar yadda QUIC ke yi da lambar haɗi.

Yaushe ne bai kamata in yi amfani da `UdpFramed` ba?

Lokacin da kake buƙatar abin da ya wuce saƙo da adireshi. Tagwayen `(saƙo, SocketAddr)` ba su da wurin ajiye alamun ECN masu nuna cunkoson hanya, ko adireshin gida da fakitin ya shigo ta kansa, wanda sabar mai adireshi da yawa ke buƙata don ta amsa ta inda aka tambaye ta. Haka nan kira ɗaya yake yi wa kanel, wato zuciyar tsarin aikin na'ura, a kan kowane datagiram, alhali Linux tana da `recvmmsg` da `sendmmsg` masu ɗaukar da yawa lokaci guda, da kuma GSO na UDP, mai barin kanel ya yanka babban saƙo zuwa datagiram da yawa, tun kanel 4.18. Shi ya sa Quinn, laburaren QUIC na Rust, yake da nasa kundin `quinn-udp`. Kuma in ƙa'idarka saƙo ɗaya ce a kowane datagiram, kamar syslog a RFC 5426, madauki mai `recv_from` da aikin fassara ɗaya ya wadatar, ya ma fi sauƙin karantawa.

Kada kuma siffar `Stream` ta sa ka zaci akwai wani birki. In manhajarka ta yi jinkirin karatu, mai aikawa ba zai sani ba. Mazubin kanel zai cika, sabbin fakiti su zube. A Linux `netstat -su` zai nuna maka adadin waɗanda suka zube haka.

Ina da tsohuwar lamba mai `UdpCodec`. Ta ina zan fara?

Ka cire adireshi daga nau'o'in `In` da `Out`. Ka raba kodek zuwa `Decoder` da `Encoder`. A `decode`, ka fara da duba ko mazubi fanko ne ka dawo da `Ok(None)`, sannan ka kwashe duka bayit ɗin da `split()` kafin ka fassara. Wannan mataki na kwashewa shi ne aka fi mantawa, domin tsohuwar `decode` aron bayit kawai ake ba ta, ba ta saba cinye komai ba. In ka fassara ba ka kwashe ba, za a yi ta miƙo maka saƙo ɗaya ba iyaka.

Ni ne mai laburaren, ina shirin irin wannan gyara. Me zan kiyaye?

Kafin ka haɗe fuska biyu su zama ɗaya, ka zauna ka rubuta alkawuran da kowace ke ɗauke da su waɗanda ba a gani a nau'i: me `None` ke nufi, wa ke share mazubi, kuskure na kashe zama ne ko na wucewa, kodek ɗaya mutum nawa yake yi wa aiki. Duk inda amsoshin suka saɓa, nan ne aikinka yake, kuma nan ne bayaninka ya kamata ya fi tsawo.

Ka tuna kuma cewa canjin ɗabi'a karya alkawari ne ko da siffar kiran aikin ba ta motsa ba. Ranar da ka koma daga kira ɗaya zuwa maimaita kira, kodek ɗin da bai saba kwashe mazubi ba zai shiga zagaye mara ƙarewa, alhali mai shi bai taɓa layi ɗaya ba. Irin wannan yana buƙatar ɗaga babbar lambar siga, wadda a Cargo kafin 1.0 ita ce lamba ta biyu, kamar daga 0.6 zuwa 0.7. Wannan ma yana daga cikin amfanin ajiye kodek a `tokio-util`: ana iya gyara shi ba tare da an taɓa alkawarin ɗorewa na Tokio 1.0 ba. Inda zai yiwu, ka bar tsohuwar hanya na ɗan lokaci da alamar `#[deprecated]` mai nuna sabuwar.

Wane gwaji ne zai kama waɗannan kurakurai?

Gwajin aika "sannu" a karɓi "sannu" ba zai kama ko ɗaya ba. Ka gwada datagiram fanko, da mai saƙo uku, da mai saƙo ɗaya da rabi. Ka aika guntun saƙo daga soket ɗaya sannan cikakke daga wani soket, ka tabbatar na biyun ya fito daidai da adireshinsa na gaskiya. Ka aika shara sannan saƙo mai kyau, ka ga ko na biyun ya iso. Bayan kowanne, ka tabbatar `Stream` yana raye.

Kada ka tsaya a 127.0.0.1, domin a Linux wannan hanya tana ɗaukar fakiti har bayit 65,536 kuma ba ta sauya jeri, don haka tana ɓoye matsalar girma da ta jeri. Da `tc` da `netem` kana iya sa hanya ta riƙa zubar da kashi kaza na fakiti, ta maimaita wasu, ta sauya jerin wasu. Shi kuma kodek, tunda yanzu aikin bayit ne zalla, ka ba `cargo-fuzz` shi ya yi ta jefa masa shara, da sharaɗi ɗaya da za a duba bayan kowane kira: ko dai mazubi ya ragu, ko an dawo da `None`.